Kujerar Surukina

Ni na kawo shi, wannan ne ke ƙona min rai. Da surukata ta rasu, ni na tasa maigidana a gaba da magiya: "Haba, a bar Baba shi kaɗai a wancan gida?" Ni na share masa ɗaki, ni na jawo masa kujerar da ta fi laushi gaban talabijin.

Tsohon malamin makaranta ne, ya koyar da tarihi har gashinsa ya yi fari. Ya iso da jakar tufafi ɗaya da kwalaye huɗu na littattafan mutanen da suka daɗe da mutuwa, duk a kan mulki: yadda ake samunsa, yadda ake riƙe shi. Ina ruwana? Ni ɗinki nake yi, wuni nake ina taka keke har bayana ya sage. Hutuna ɗaya a duniya shi ne wasan kwaikwayon da ake nunawa da yamma, na wani shugaba da ubangidansa da ya tsaya masa har ya ci zaɓe.

Baba bai iya kallo da baki a rufe ba. Zai sauke tabarau ya ce, "'Yata, ubangidan nan ba zai kai ƙarshen wata ba. Masana sun rubuta tun da can, mai mulki ba ya son ganin fuskar wanda ya ɗora shi." Sati biyu, aka kori ubangidan daga ƙasar. Kai, na ji haushi! Duk abin da nake jira da ɗoki, sai ya tsinka min shi tun da wuri, yana murmushin nan nasa mai ban takaici.

Sannu a hankali rimot ɗin talabijin ya koma aljihunsa. Yarana ya saye su da alawa, ya naɗa babban "ministan ƙara murya", ƙaramar "ministar labule". Da na ce a yi shiru, sai ya ce a kaɗa ƙuri'a. 'Ya'yan da na haifa suka ɗaga hannu a kaina, ko kunya babu.

Na kai ƙara wurin maigida, ya sosa ƙeya ya ce zai duba. Ashe tsohon ya riga ni.

Ranar Asabar sai ga maigida da ƙaramar talabijin, ya ɗora ta a kan teburin ɗinkina, a ɗakin baya, kusa da kwandon ƙyalle. Wai shawarar Baba ce, don in samu sakewa.

Na ɗebi zarena da almakashina zan wuce, Baba yana kishingiɗe a kujerar da na ba shi, littafi a cinya. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, ja min ƙofar in kin fita, an kusa farawa."