Wuyan Jitar da Ishaku Bai Gama Gogewa Ba

Muna cikin koyon waƙa a zumuntar mata na hango Hannatu, matar ɗana, ta sauko daga acaɓa a ƙofar coci babu ɗankwali. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ga idanunta. Ta ce, "Mama, motar su Ishaku ta faɗi a hanyar Kaduna." Ban tambaye ta ko yana da rai ba. Matar da mijinta ke da rai ba ta fitowa haka.

Ishaku ɗana ne na biyu, shi ke kaɗa jitar lantarki a cocinmu na Samaru. Na riƙe shi da tsanani, kuma ban yi nadama ba. Tun ranar da ya fara taɓa jita na ce masa, "In na ji ka kai ta gidan giya a Sabon Gari, kada ka dawo mini gida." An sha nemansa, bai taɓa zuwa ba. Iyayen da ke tsoron 'ya'yansu yau su ji wannan.

Yana da aboki, Emeka, mai shagon kayan kiɗa a Sabon Gari. Duk Asabar zai zo ya ci tuwona, su ɗauko musunsu da ba ya ƙarewa. Emeka ya fi son jita mai faffaɗan kai da kaurin wuya, wai ta fi cika ido, sautinta kuma ya fi daɗewa. Ishaku kuwa sai ƙaramin kai da siririn wuya. Yakan ce, "Babban kai rinjayar jita yake yi ƙasa, sai ka koma dako maimakon kiɗa." Emeka ya ce, "Malam, ka dai ce ba ka da ƙarfi!" Ni kuma in ce su tashi su wanke mini kwano.

Da 'yarsa Rahila ta nuna tana son koyo, sai aka ga ko siririn wuyan jitar tasa ya fi ƙarfin yatsunta. Emeka ya ce a bari ta girma. Ishaku ya ce, "Kafin hannun ya girma, sha'awar ta tafi." Ya kwance wuyan jitarsa, ya ja layi da fensir a bayansa inda zai rage itacen, ya riƙa zama gindin mangwaro yana gogewa da samfefa. Can sai ya kira ta: "Zo ki kama mu gani." Na ce masa, "Abin da kake yi wa Ubangiji hidima da shi kake lalatawa?" Ya ce, "Mama, mai hidima nake ƙara masa." Ya koma aron tsohuwar jitar coci mai kaurin wuya. Yakan dawo yana murza hannunsa, amma ban ji ya koka ba.

Bayan jana'iza 'yan'uwan mahaifinsa suka zo daga ƙauye rabon kaya, yadda aka saba. Suka tarar da jitar a rabe gida biyu, babu tsirkiya, fenti a kankare, suka ɗauka karyewa ta yi. Emeka, da kyakkyawar zuciya, ya kawo sabon wuya mai faffaɗan kai, sai ƙyalli yake. Babban baffansa ya ce madalla, a haɗa a ba ɗansa, tunda jita kayan maza ce. Rahila tana bayan ƙofa tana ji.

Na ce, "Baba, ga riguna, ga takalma, ga rediyo, ku raba. Jitar nan kuwa, mai ita ya riga ya ba 'yarsa tun yana da rai." Ransa ya ɓaci, har yau bai gaishe ni ba. Na juya na ce, "Emeka, mayar da naka shago. Ka ga layin fensir ɗin nan a tsohon wuyan? Ci gaba da gogewa, nan za ka tsaya."

Ya zauna inda Ishaku ke zama, yana gogewa yana share hawaye da kafaɗa. Ya ce, "Mama, ni da na yi shekaru ina zagin siririn wuya, yau ni nake yin sa." Da ya haɗa ta ya ɗaura tsirkiya, Rahila ta kama. Yatsunta suka kai. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kaka, to yanzu wa zai ce mini na yi daidai?"

Na sunkuyar da kai na yi addu'a.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Ishaku, ka gafarta masa, ka karɓe shi cikin hutunka. Ka riƙe Hannatu, ka ba Emeka haƙuri, ka sassauta zuciyar 'yan'uwa. Yarinyar nan kuma, tambayarta tana gabanka, kai ka amsa mata. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.