Wurin Auta a Ƙarshen Sahu

Bayan rasuwar surukata, Allah ya jiƙanta, autanta ya dawo gidanmu da zama. Ƙanin maigidana ne, ya haura shekara talatin, dogo, mai tsabta ƙwarai. Ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a taɓa shi. Auta muke ce masa duk gidan, shi kuma Yaya yake ce mini. Ranar da na gwada yi masa wasan matar wa da ƙanin miji, na ce, "Mijina, ga kokonka," sai ya dubi bango ya ce, "Mijinki ya tafi gona." Daga nan na haƙura.

A ƙauyenmu, can gefen Bakori, kowa da abin da yake faɗa a kansa. Wasu su ce iska ne, wasu su ce shagwaɓar autanci ce ta bi shi har girma. Ni dai abin da na gani shi ne mutum mai sallah a kan lokaci, wanda in ya tsince wake ba za ka tauna tsakuwa ba. Sai da zazzaɓi ya kai mu asibiti a Malumfashi wani likita ya lura da shi, ya ce lalura ce da ake haihuwar mutum da ita, otizim suke ce mata, kuma ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Shi ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar sashen jin daɗin jama'a, mai bin irinsu Auta har gida.

Ta zo a kan acaɓa cikin damina, gefen hijabinta duk jan laka. Na zaci tambayoyi za ta jera mana ni da maigida. Sai ta wuce mu ta zauna a tabarmar Auta, ba gabansa ba, gefensa, ta ja faifai ta kama tsintar wake ita ma. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, me kake so wanda ba ka samu?"

Ban taɓa jin an ce masa Malam ba. Ban kuma taɓa jin an yi masa wannan tambayar ba.

Ya ce, "Juma'a."

Duk ranar Juma'a Auta yakan yi wanka, ya sa farar rigarsa da hula, ya je bakin zaure ya tsaya. In ladan ya buɗe lasifika sai ya toshe kunnuwa ya dawo ciki ya yi azahar shi kaɗai. Tun da aka sa wa masallacin manyan lasifikoki bai ƙara zuwa ba. Malamai sun ce babu laifi a kansa, mu ma mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe a wurinsa ba ta ƙare ba.

Hajiya, haka muke kiran ma'aikaciyar, ba ta yi gaggawa ba. Ta sa maigida ya riƙa kai shi masallacin da hantsi, lokacin da babu kowa, ya zaɓi wurin da ransa ya kwanta. Ya zaɓi ƙarshen sahun baya, jikin bango, kusa da ƙofa. Don ƙarar lasifika kuwa, audugar gonarmu muka gurza, ya riƙa cusawa a kunne ya ja hula a kai. Abu ɗaya ya rage: a gaya wa Liman a bar masa wannan wurin, kada a matse shi. Maigida ya je ya faɗa. Liman dattijo ne mai taushin zuciya, har ƙwalla ya yi.

Ranar da aka tsayar, Hajiya ta zo musamman. Maigida da Auta suka fita, Auta na gaba yana taku kamar ango. Ni da Hajiya kuma muna tsakar gida ina turara dambu, muna jin wa'azin kafin huɗuba, don masallacin ba shi da nisa. Sai muka ji Liman ya gyara murya, ya kira sunan Auta da na mahaifinsa, ya ce, "Jama'a, yau ɗan'uwanmu ya dawo cikinmu. Ga shi can jikin bango. Don Allah kowa ya nuna masa ƙauna."

Hajiya ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi!"

A wurinmu ƙauna hannu ce. Ba mu san yadda ake son mutum ba a miƙa masa hannu biyu ba, a riƙe, a jijjiga, a tambaye shi gajiya da gida da ruwa da gona. Maigida ya ce kafin ya ankara sahu uku sun juyo. Mai shayi, sarkin noma, mahauta, kowa da hannu a miƙe, wani tsoho har yana shafa masa kai. Shi kuwa Auta ga auduga a kunne, bai ma ji sanarwar ba. Gani kawai ya yi masallaci ya taso masa.

Ba takalmi ya shigo gida. Ya wuce bayan rumbu ya tsuguna yana jijjiga jikinsa. Na tashi zan bi shi, Hajiya ta riƙe ni. "Bar shi, Maman yara. Ajiye masa ruwa kusa, ki dawo." Juma'ar da ta biyo ko rigar bai ciro ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da Hajiya ta dawo, ta ce in raka ta gidan Liman. Muka shiga wajen uwargidansa, aka yi masa magana ya shigo. Da ya ji bayani jikinsa ya yi sanyi.

"To, Hajiya, yaya za a yi? Musulmi ya ga ɗan'uwansa ya wuce kamar bai gan shi ba?"

"Allah gafarta Malam, shi za a tambaya. Yana da baki."

Washegari sai ga Liman a zaurenmu da babbar rigarsa, maigida da Hajiya suna wurin. Ya zauna gefen Auta yadda aka koya masa, yana kallon ƙofa. Ina laɓe bayan asabari. Ya nemi gafara, sannan ya ce, "Yaya kake so a gaishe ka?"

Can Auta ya ce, "Sallama. Mutum ɗaya. Ban da hannu."

"Shi ke nan?"

"Kuma a kawo mini takalmina."

Liman ya yi dariya har da tari. Ya ce, "An gama. Juma'a mai zuwa zan sanar a lasifika."

Ni da ke laɓe ban san lokacin da na ce "A'a, Malam!" ba. Maigida ma a'a, Hajiya ma a'a. Liman ya kama baki.

Hajiya ta ce aikin nawa ne. Sai na yafa mayafi na fara bin gidaje. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a wajen injin niƙa, na faɗa a makarantar Islamiyyarmu ta matan aure: kowace ta ja kunnen mijinta, in ya ga Auta ya dafa ƙirji kawai ya wuce. Wata maƙwabciyata ta ce, "Nawa ko akuya ya gani sai ya tsaya gaisawa, amma zan gwada." Kafin mako ya zagayo babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Da Juma'a ta zo ban matsa wa Auta ba. Na wanke rigar na rataye a igiya inda zai gani. Ya zagaya ta ya fi sau nawa. Sai da ladan ya kusa kira ya ɗauka.

Suka fita shi da maigida. Na zauna bakin murhu ina ta salati, kunnena na kan ƙofa. Aka yi huɗuba, ban ji gudu ba. Aka tayar da sallah, aka yi kabbara, aka yi ruku'u, shiru. Da na ji Liman ya sallame, sai na kifa kai a gwiwa na yi kukana na more.

Maigida ya shigo yana ƙunshe dariya. Ya ce mutane sun yi ƙoƙari, amma abin ya ba su wuya. Sarkin noma ya manta ya miƙo hannu, ya tuna a hanya, sai ya zarce da shi ya gyara hularsa. Tsohon nan kuwa hannuwansa ya cusa a aljihu tun daga gida don kada su ci amanarsa.

Auta ya shigo bayansa, ya cire takalmi ya jera, ya zare audugar daga kunne.

Na ce, "Auta, an samu Juma'a?"

Ya ce, "Raka'a biyu, Yaya. Cikin mutane."

Sannan ya ce a wanke rigar da wuri, kada ta ƙi bushewa kafin Juma'a ta gaba.