Baba Hoda da Kofin Ɓarawo

Kafin ɗalibai su iso, Baba Hoda ya riga ya goge teburan ɗakin gwaji, ya jera buroshi da ambulan, ya zauna yana matsa gwiwarsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Baƙar hodar ɗaukar zanen yatsa ta shige masa ƙarƙashin farce har sabulu ya gaji, sunan kuma ya bi shi.

Ba malami ba ne, mai kula da kaya ne. Darasin ma, kimiyyar binciken laifi, na gefe ne a kwalejin. Kowa da babban abin da ya zo karantawa. Wannan sai da la'asar, ido ya yi nauyi. Malamin ya yi bayani ya fice, a bar Baba da su.

Yana da tsarinsa. Mai gadi, mai shara, direba, duk sun dangwala masa yatsu a kati. Sai ya sa ɗayansu ya taɓa kofi, ya ce ɗalibai su nemo "ɓarawon". Wanda ka nuna kuwa, kai za ka je ka faɗa masa ido da ido.

'Yan ajin ba su manta da wata ɗalibar shekarar ƙarshe ba. Darasin nan kaɗai ya rage mata, in ta faɗi sai ta ƙara shekara. Ana saura mako jarrabawa ta yi gaggawa, ta cusa katuna a ambulan ba ta rubuta sunaye ba, suka cakuɗe. Ta ce mai shara ce.

"Ga ta can a baranda," in ji Baba. "Je ki faɗa mata."

"Haba Baba, wasa ne fa."

"Yau wasa ne. Je ki."

Ta je. Tsohuwar ta jingine tsintsiya.

"Ni, 'yata? Tun ba a yaye ki ba nake share ofisoshin nan, ko biro ban taɓa ɗauka ba."

Da dariya ta faɗa, amma ɗalibar ta kasa ɗaga kai. Ta dawo ta ce ta haƙura da jarrabawar.

Baba bai lallashe ta ba. Sabon ambulan ya miƙa mata. "Rubuta suna tukuna." Kwana uku yana tsaye a kanta. Ashe direba ne. Ta shiga jarrabawa, ta ci da kyar.

Kai ne, Baba, mai aikin da ba a tafa masa. Ƙarshen watan nan za ka tafi, ba wanda ya kore ka. Ka ce layukan yatsa sun fara haɗe maka, ba za ka nuna ɗan mutane da ido mai shakka ba.

Mu ɗalibanka mun gode. Allah ya ba ka hutu. Masu shigowa wannan fanni, ko a gefe kuka ɗauke shi, ku yi koyi da shi: wanda za a kama saboda rubutunku, shi ba a gefe zai kwana ba, a gidan yari zai kwana.