Layin da Baba ya ja a tuwo

Shekarun baya, lokacin da nake ɗinki a wata 'yar rumfa bakin kasuwar Gazawa, na tara tumbin da sai na ja kujera baya kafin ƙafata ta kai ga keken ɗinki. Ban damu ba. A wurinmu in cikinka ya fito, cewa ake Allah ya buɗa maka. Abokaina ma Alhaji suke ce mini, alhali ko Zinder ban taɓa wucewa ba.

Wata rana kaina ya sara, idanuna suka riƙa ganin allura biyu. Na je gidan likita, majo mai duba marasa lafiya ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce hawan jini ne, kuma ƙibar nan ita ke tura shi. Na tsorata, domin mahaifina shekara huɗu ya yi kwance ɓarin jikinsa a shanye kafin ya rasu, ni nake juya shi. Majo ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen magi da mai, in rage tuwo, in riƙa tafiya da ƙafa. Ya ce kilo ɗaya ko biyu a wata ya isa.

Raina ya raina wannan lissafi. Da na fito na biya wajen wani abokina mai sayen wake, na hau sikelin da yake auna buhu. Kilo ɗari da huɗu. Ya ce da ni wake ne da ya biya ni har da gyara. Nan take na yi wa kaina alkawarin zubar da kilo ashirin kafin Babbar Sallah, kuma saura wata biyu.

Na duba waya na ga abin da aka ce masu rage ƙiba ke ci: tuffa, man zaitun, kifin gwangwani, wani burodi baƙi. Na ba direban tasha saƙo ya kawo mini daga Maraɗi. Kuɗin cefanen mako biyu suka tafi, kayan kuma kwana huɗu suka yi. Da suka ƙare sai na koma shan ruwan shayi da yunwa.

Babban abin da na yi shi ne barin ciyayya. A unguwarmu bayan magariba magidanta shida muke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa a fito masa da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Ka'idar kuwa, dole hannunka ya shiga kowane kwano. In ka tsallake ɗaya, kafin gari ya waye matar gidan ta ji an ƙi girkinta. Ni kuma ba na yi wa ka'ida rowa, kwano shida nake bi da gaske. Sai na ce wa matata ta daina fitar da nawa, ni ma ba zan fita ba. Ta ce mutane za su ce ko ta kasa girki ko mun rasa hatsi. Na ce su ce.

Mako uku na yi a haka. Jiri ya kama ni har na yanka hannun rigar wani malamin lakol, wato makarantar boko, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na yi ta faɗa da yara a gida ba dalili. Da na koma sikelin wake, kilo uku kawai suka tafi. Don haushi na tsaya wajen mai tsire na mayar da su a kwana biyu.

Ban da mu shida, a ciyayyarmu akwai wani dattijo da duk muke ce wa Baba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ci-rani a Najeriya. Shi ma yakan fito da ɗan kwano a rufe, mu kuma ba ma buɗewa don mun san babu abin kirki a ciki, sai mu ce mun ƙoshi, a ajiye don karin kumallo. Kullum kusa da ni yake zama. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Wata Juma'a muka haɗu a hanyar masallaci. Na ga wuyansa ya fito daga riga kamar ba tasa ba, yana tafiya yana tsayawa. Na gaishe shi, na tambayi jiki, ya ce lafiya lau. Da na koma gida na ba matata labari, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kai ba ka san tuwonmu kaɗai shika iya ci ba? Ba shi da haƙora. Tun rasuwar Inna matarshi nika sassauta tuƙin saboda shi."

Kunya ta rufe ni. Ni nake neman rama da kuɗina, ga wanda ya rame a banza saboda ni, kuma bai buɗe baki ya ce komai ba.

Ran nan da magariba na ɗauki kwano da hannuna na fita. Aka yi mini tsiya, wani ya ce Bature ya dawo daga hutu. Na zauna na faɗa musu gaskiya, har da abin da majo ya ce da tsoron da nake ji na in kwanta irin kwanciyar mahaifina. Sai Baba ya jawo kwanona, ya wanke hannu, ya sa yatsa ya ja layi a tsakiyar tuwon.

"Ɗana, nan naka, nan nawa. Sauran kwanoni kuwa loma ɗai-ɗai ta isa ka hita haƙƙi. In wata ta yi magana, a ce ni na hana ka."

Haka muka ci gaba. Matata ta fara haɗa mana kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, wata rana wake da yakuwa, wata rana ganyen tafasa. Duk abin da ke bayan gida ne ko na 'yan dala a kasuwa, kuma da su nake fara cika ciki kafin in kai ga tuwo. Ta rage dunƙule ta koma daddawa. Na bar babur a gida ina zuwa rumfa da ƙafa, sukarin shayi ya sauka daga cokali huɗu zuwa ɗaya. Fura ban bar ta ba, ludayin na rage.

Sallah ta zo ta same ni da tumbina kusan yadda ta bar ni. Amma a hankali, wata bayan wata, sikelin wake ya riƙa sauka. Na lura kuma layin Baba yana matsowa wajena kaɗan-kaɗan. Da na yi ƙorafi ya ce hannun tsoho ne ke rawa. A shekara guda na sauke kilo goma sha ɗaya, majo ya ce jinin ya kwanta, Baba kuma wuyansa ya koma cikin riga.

Da na tuna sai in ga gaggawata ce ta kusa cutar da mu duka biyu. Na so in gyara cikin wata biyu abin da na shekara goma ina tarawa, kuma na ɗauka cin abincina ni kaɗai ya shafa. Kilo ashirin ɗin har yau ban cika su ba, na kuma daina jin haushin hakan.

Baba ya rasu damina uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Har yanzu in aka ajiye mini tuwo, yatsana ke fara jan layi kafin in yi bismillah. Matata ma ba ta koma tuƙa shi da tauri ba. Na taɓa tambayarta, ta ce hannunta ne ya saba.