Ɗanɗanon anza

Ban iya rubutu ba, jikata nake faɗa wa tana rubutawa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya.

A ƙauyenmu, gabas da Mayahi, ba a maganar anza sai shekara ta ɓaci. Itaciyar daji ce, ƴaƴanta suna da ɗaci, kuma wanda ya ci su ba su jiƙu sosai ba, cikinsa zai gaya masa. Sai an bare, an jiƙa, ana zubar da ruwa ana sake wani, har ɗacin ya fita.

Ina amarya na koyi wannan aiki, a wata yunwa, bakin rijiya. Ba mu da malama. Wata ta san anzar da ta nuna, wata ta san yawan tokar da ake sawa, wata kuma ta kan gane daga launin ruwa. Kowa ta kawo abin da uwarta ta bar mata, muka haɗa. Ƙa'idarmu ɗaya ce. Ranar da za a dafa, ƙwarya takan zagaya, kowace mace ta tauna. In mutum ɗaya ta ce da saura, anza ta koma ruwa, ko da yara na kuka. Ba mu taɓa binne kowa saboda anza ba.

Waɗannan mata duk sun riga ni. Maigidana ma ya bi su bara, bayan girbi. Tun ranar da aka fita da shi bakina ya mutu. Hura da ruwa duk ɗaya suke gare ni.

Bana tsutsa ta cinye zangarniyar gero. Tun kafin bazara rumbuna suka fara amsa kuwwa, maza suka tafi kudu neman abinci. Wata safiya matar ɗana ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna, yaya ake jiƙa anza?"

Na san abin da tambayar take nufi.

Suka taru, matan ƙungiyarsu da ke zama kowace Laraba suna koya wa juna sana'a. Yara ne masu kai, ban raina su ba. Na faɗi abin da na tuna. Wata ta ce kakarta a Maijirgi tafasawa take fara yi. Wata ta kawo dabarar sa anza a buhu, a riƙa tsoma shi cikin baho, don ruwa ya yi auki. Abin ya yi mini daɗi, na ji kamar muna bakin rijiyar nan ta dā.

Da kwanaki suka ja, shugabarsu ta ce a ɗanɗana. Ƙwarya ta zagaya. Duk suka ce ta yi, sai wata siririya mai goyo, baƙuwa a garin, ta tofar.

"Da saura," in ji ta.

"Ke ko zuma aka ba ki sai kin yamutsa fuska," wata ta ce, aka yi dariya.

"Yaya, ni dai na ji ɗaci a maƙogwaro."

Shugabar ta ce a ɗaga hannu, yadda suke yi in za su yanke magana. Hannuwa suka tashi. Na ce musu a wannan aikin ba a ƙidaya hannu, bakin mutum ɗaya ya isa ya tsayar da tukunya.

"To Inna, ke ki raba mu," in ji shugabar. "Ki tauna."

Na tauna. Ban ji ɗaci ba, ban ji komai ba. Na gaya musu gaskiya, bakina ba shaida ba ne. Suka dubi juna, na ga sun ɗauki maganata yadda suke so.

Na roƙe su abu ɗaya. A dafa mini kaɗan in ci, a jira zuwa gobe kafin a ba yara. In cikin tsohuwa ya ɗauka, to. Matar ɗana ta yarda, ta ɗora tukunya, ƴaƴanta suna zaune suna kallon hannuna yana zuwa baki. Sauran kowa ta ɗebi rabonta ta tafi, sun ce za su jira.

Ban gama ci ba na ɗaga kai. Hayaƙi na tashi ta bayan danga, gida bayan gida, alhali na san babu tsabar gero a cikinsu.