Ƙaurin Baƙin Mai

Tsohon yana tsaye gaban kantar wani shago, ya rungume jarka kamar wanda aka ba riƙon jaririn maƙwabta. Mai shagon ba ta san shi ba, amma hannuwansa sun riga bakinsa magana: tabon tartsatsi birjik, farata sun yi kauri, yatsun a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da guduma. Maƙeri ne, ko ba a faɗa ba.

A cikin jarkar akwai sabon ruwan da ake tsoma ƙarfe mai zafi don ya yi tauri, maimakon baƙin mai. Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa.

"'Yata, wannan ba ya ƙauri?"

"Ko kaɗan, Baba. Ba hayaƙi, ba ya kama wuta."

"Haka likita yake so. An raba ni da baƙin mai, wai saboda ƙirjina." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, da ƙaurin rigata take sanin na dawo tun ina ƙofa. Ta yi ta mita, wai na ƙarar mata da sabulu."

Mai shagon tana ayyana gidan a ranta: tsit, sabulu yana daɗewa.

Ya rufe jarkar. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga hannun rigarsa ya sunsuna a hankali, kamar mai duba abin da ya rage masa.