Garin Kukar da Na Zuba a Lagireto

Mu biyar ne a wurin, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da ranar ba. Akwai ni, da ɗana na fari wanda ko sunansa ba na kamawa, da matarsa, da ƙanwata mai bakin tsiya, sai wani dattijon bakanike da ke da rumfa a bakin titi a Katabu.

A lokacin ina zaune da ɗan nawa da matarsa a Malali. Shi yana bin motar ofishinsu, ita kuma matar ita ke fita da motar gida zuwa wurin aikinta. Ni mace ce mai sa ido, ban ɓoye ba. In an bar tsintsiya a kwance sai na gani, in gishiri ya yi yawa a miya sai na faɗa. Surukata ta sha wannan hali nawa shekara bakwai ba ta taɓa mayar mini da magana ba.

Da wannan idon na lura kullum da safe akwai jiƙa a ƙasa, daidai gaban motar. Na yi wa ɗana magana, ya ce, "Inna, lagireto ne ke ɗan yoyo, ran Asabar za a kai." Asabar uku suka wuce. Matar ce dai kullum take ɗaga murfin gaba ta ƙara ruwa kafin ta fita.

Wata rana na je tashar Kawo aika saƙo ƙauye, sai na ji wani direba yana gaya wa ɗan'uwansa cewa in lagireto na yoyo a hanya, ɗan garin kuka yana toshe shi. Na riƙe maganar. Washegari surukata ta buɗe wurin zuba ruwan, wayarta ta yi ƙara a ɗaki, ta shiga. Na ɗebo kuka cikin tafin hannu na zuba. Yoyo ya tsaya cak. Daɗi ya kama ni, ban gaya wa kowa ba, kuma duk lokacin da na sami sarari sai na ƙara. Sau huɗu na yi.

Ranar da abin ya faru za mu suna Zariya har da ƙanwata, ɗana ke tuƙi. Mun wuce Kawo lafiya, muna isa Katabu sai matar ta ce, "Tsaya, allurar zafi ta hau ja." Kafin ya gangara gefe tururi ya fara fita ta gaba. Ya fito a fusace ya ɗaga murfin mota, ya kai hannu zai murɗe ɗan murfin lagireto.

"Kai! Cire hannunka!"

Dattijon ne ya daka tsawar daga rumfarsa, ya taho da sauri yana ɗingishi. Ya ce, "Alhaji, ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, murfin nan ne ya danne shi. Ka buɗe yanzu, fuskarka zai wanke." Ya ja hannun rigarsa ya nuna mana tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ƙanwata ta ɗauko jarkar ruwa za ta kwara wa injin, ya tare ta. "Hajiya, in kin sauke tukunyar ƙasa daga wuta, kina zuba mata ruwan randa?" Ta ce a'a, fashewa za ta yi. Ya ce, "To shi ma haka."

Muna jiran ya huce, ɗana ya juya kan matarsa. "Ke kike hawa motar nan kullum. Ruwa kawai za ki duba, shi ma ya gagare ki? In injin nan ya ƙone, ki san ke ce." Ta ce, "Wallahi na duba da safe, a cike yake." Ya ce ba ya son ji. A gaban mutane ya yi mata haka, ta sunkuyar da kai. Ni kuma a raina har ina cewa ai dama ta cika gaggawa.

Da ya huce dattijon ya kwance lagireton ya kawo ƙarƙashin rumfa, ya ɓalle samansa. Na matso. Ni da na ɗauka wata 'yar randa ce ta ƙarfe, sai na ga ƙananan hanyoyi a jere, sirara kamar tsinken tsintsiya, sun fi ƙarfin in ƙirga. Ya ga na zuba ido, sai ya shiga yi mini bayani. Ya ce wuta ce ke ci a cikin inji muddin mota na tafiya, wutar da za ta iya lalata ƙarfen kansa. Ruwa ke zagaye injin yana kwaso zafin, ya zo nan ya rarrabu cikin siraran hanyoyin, iskar hanya da fanka su fifita shi, ya koma ya sake kwasowa.

Na ce, "Ruwan nan guda?"

Ya ce, "Shi ɗin dai, Hajiya. Daga nan zuwa Zariya zai je ya dawo ba adadi."

Shekara nawa ina sheƙa kunu daga ƙwarya zuwa ƙwarya don ya huce, ashe abin da ake yi ke nan a gaban mota, a guje, ba hannun kowa. Muna zaune a baya muna hira, wuta na ci a gabanmu, ruwan da bai cika bokiti ba yana riƙe da ita. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan.

Sai ya zura siririyar waya cikin hanya ɗaya. Wani abu kore mai yauƙi ya biyo ta. Ya zura a ta biyu, haka. Ya shafa a yatsa ya sansana, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya kaɗa wa motar nan miya?"

Ƙanwata ta fashe da dariya. "Saura tuwo, Malam!"

Ni ban yi dariya ba. Ya ce ba ruwa ne ya ƙare ba, hanyar wucewa ce babu, kuka ta toshe fiye da rabi. Ɗana ya juya ga matarsa, ido ja. Ita kuwa ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, na gane ta sani. Ta buɗe baki ta ce, "Ka yi haƙuri, wataƙila ni ce na..."

Na ce, "Rufe bakinki. Ni ce."

Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba. Na faɗi komai, har sau huɗun. Na ce wa ɗana, "Yarinyar nan ba ta fasa duba ruwa ko rana ɗaya ba, ina gani. Kai aka ce ka kai gyara ka ƙi, ni kuma na yi aikin da ban sani ba. Ba ta haƙuri a gabana." Ya ba ta.

Dattijon ya wanke hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe inda ke yoyo, ya zuba wani ruwa mai launi da ya ce yana hana tsatsa. Ya ce kada a zuba ruwan rijiya, kada a buɗe sai inji ya yi sanyi, yoyo kuma a kawo shi wurin gyara tun yana ɗigo. Da aka tayar, ya kasa kunne ya ce Allah ya rufa asiri, injin bai ƙone ba. Mun isa Zariya an riga an watse daga sunan.

Abin da na koya shi ne, ganin matsala daban, sanin maganinta daban. Idona ya ga ɗigon ruwa daidai, amma ban san abin da ke ciki ba, kuma wadda ba ta da laifi ce ta kusa ɗaukar nawa.

Washegari bayan na idar da sallah na dama koko da hannuna, na kai wa surukata har ƙofar ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya na jira ta shanye. Sannan na ce ta zo ta ɗaga murfin motar, ta nuna mini inda ruwan ya kamata ya tsaya.